Tambuwal da Kebbe: Ko ɓoye bindiga a cikin riga zai kare talaka?

Muhawarar da aka daɗe ana yi a jihohin Zamfara da Katsina, kan ko ya kamata talaka ya mallaki bindiga domin kare kansa, ta iso kudancin jihar Sakkwato.

A shekarun baya, idan aka ambaci 'yan bindiga a Sakkwato, hankali kan koma ne gabashin jihar, wato Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, inda su Bello Turji suka yi ƙaurin suna. Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe kuwa, waɗanda ke mazaɓa ɗaya a majalisar wakilai ta tarayya, ana yi musu kallon tudun mun tsira.

To amma Kebbe na iyaka da jihar Zamfara ta wajen Gummi, kuma mahara ba su san iyakar jiha ba. Satar shanu da garkuwa da mutane sun kai ƙauyukan yankin, har wasu mazauna suka bar gonakinsu. A daren 25 ga Disamban 2025, lokacin da Amurka ta kai hari ta sama a jihar, a gonakin Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal ne wani ɓangare na makaman ya faɗo, kodayake mutanen garin sun ce ba su san da wani sansanin 'yan ta'adda kusa da su ba.

A irin wannan hali, ba abin mamaki ba ne ɗan kasuwar da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega da kuɗi a aljihu, ko manomin da gonarsa ke bakin daji, ya fara tunanin wata 'yar ƙaramar bindiga da zai soke a ƙugu, babbar riga ta rufe ta.

Abin da doka ta ce

Dokar da ke kula da makamai a Najeriya ta girmi 'yancin kan ƙasar, domin a 1959 aka yi ta. Ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin su adaka, kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da lasisinsu. Bindigogin farauta na zamani suna hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku shi ne na haramtattun makamai, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke iya ba da izinin riƙe su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fistol da libarba suna cikin wannan kashi na uku, a jeri ɗaya da bindigogin soja da manyan bindigogin igwa. Wato dai bindigar da ta fi kowace ƙanƙanta ita ce dokar ta fi tsananta wa, kuma dalilin a fili yake: ita ce ake iya shiga da ita kasuwa ko masallaci ko gidan biki ba tare da kowa ya lura ba. Wanda aka kama da ita babu izini na fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Ko bindigar farautar ma ƙofarta ba a buɗe take ba. A 2023 shugaban 'yan sandan ƙasar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce rundunar ta dakatar da ba da lasisi saboda yawan makaman da ke yawo a hannun jama'a. Wani ƙiyasi na cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ya nuna cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan 6 a hannun farar hula a Najeriya.

A Amurka, inda kotun ƙoli ta yanke hukunci a 2022 cewa riƙe ƙaramar bindiga a bainar jama'a domin kare kai haƙƙi ne na ɗan ƙasa, hirar masu bindiga takan tsaya ne kan irin kuben da ya fi dacewa, na fata ko na roba, a ƙugu ko a hammata. A ƙasar Hausa kuwa, kube na wuƙa ne da takobi, kuma dukawan Sakkwato sun gaji ɗinka shi kaka da kakanni. Mutumin Kebbe da ya sa aka ɗinka wa fistol kube, shaida ce kawai ya tanadar wa jami'an da ke shingen bincike.

Gwamnoni da ikon da ba su da shi

Sai dai fa ba talaka ne ya fara kawo wannan magana ba. A watan Maris na 2018, tsohon ministan tsaro Janar T.Y. Danjuma ya yi kira ga jama'a a Jalingo da su tashi su kare kansu. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya shawarci mutanensa su nemi makamai. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta wuce nan, ta ce za ta raba takardun neman lasisi 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya mayar da martani cewa gwamna ba shi da wannan iko. Kuma a fuskar doka gaskiyarsa ce, domin tsarin mulkin 1999 ya sanya batun makamai a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka.

Shi dai tsarin mulkin ya amince mutum ya kare ransa da dukiyarsa. Abin da bai yi ba shi ne ba shi damar zaɓen makamin da zai yi hakan da shi.

Ko da an ajiye doka gefe, akwai batun ko ƙaramar bindigar za ta yi amfani. Maharan na zuwa ne da yawa a kan babura, ɗauke da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ke samun mutum daga nisan ɗaruruwan mitoci. Fistol ba ta da tasiri sosai bayan mita 50, balle adaka da sai an sake ɗura ta bayan kowane harbi. Mutum ɗaya da ya zaro ta a gaban irin wannan ayari, mai yiwuwa ya mayar da garkuwa ta zama kisa. Ga kuma haɗarin da ke zuwa daga ɓangaren hukuma: a watan Janairun 2025, jirgin yaƙin Najeriya ya kashe mutane a Tungar Kara ta jihar Zamfara, cikinsu har da masu tsaron gari da aka ɗauka 'yan bindiga ne.

Shi ya sa masu goyon bayan kare kai suka fi karkata ga tsaron haɗin gwiwa na gari guda. Wannan ma Sakkwato ta ɗanɗana ɗacinsa. A watan Oktoban 2021 an zargi 'yan sa-kai da kashe Fulani a kasuwar Mamande da ke Gwadabawa, kuma ba a jima ba mahara suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40. A watan Nuwamban shekarar, gwamna Aminu Waziri Tambuwal, ɗan wannan yanki kuma sanatan Sakkwato ta Kudu tun 2023, ya haramta ƙungiyar 'yan sa-kai a jihar. A arewacin jihar kuma, rahotanni sun nuna cewa Lakurawa sun fara samun gindin zama ne a Tangaza da Gudu a matsayin masu taimakon jama'a kan ɓarayin shanu, kafin su juya kan masu masaukinsu, har wata babbar kotun tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda a Janairun 2025.

Duk da haka, zai yi wuya a ce wa mutumin da aka kwashe wa shanu ya zauna ya jira agajin da sau da yawa ke isowa bayan mahara sun tafi. Gwamnatin Ahmed Aliyu ta nemi tsaka-tsaki da kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha, wadda ta fara aiki a 2024, kamar yadda Katsina ta yi a 2023, Zamfara kuma ta kafa Askarawa a farkon 2024. Bambancinsu da 'yan sa-kai shi ne akwai rajista da horo da albashi, kuma akwai wanda za a tuhuma idan an yi ba daidai ba.

Su ma dai waɗannan dakaru, dokar 1959 ba ta ba gwamna ikon miƙa musu irin makamin da abokan gabarsu ke ɗauke da shi ba. Sauya hakan na hannun majalisar dokokin tarayya, inda Sanata Ned Nwoko ya gabatar da ƙudurin bai wa farar hula damar riƙe bindiga a farkon 2024, ƙudurin da ya sha suka tun daga ranar da aka ji labarinsa.