RA'AYINMU: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

'Yan'uwa ɗalibai, sau da yawa in an tambayi ɗayanmu abin da zai yi bayan digirinsa na farko, sai ya ce aikin ofis. Ba mu ga laifin neman abinci ba, amma muna so mu jawo hankalinku ga wani fage da ke kiran masu zurfin karatu, watau kimiyyar muhalli.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja ya san yadda fadamunta suka sauya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, kogin ya daina cika da janyewa bisa tsarin damina da rani, ruwa ya riƙa kwanciya a wasu wurare duk shekara. Irin wannan ruwa kuwa shi kacalla take so. Ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama masaukin tsuntsun jan baki mai ɓarnar shinkafa da gero. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ba su bar Auyo da Miga da Kafin Hausa lafiya ba. Yaya za a kawar da kacalla ba tare da kashe kifi ba? Wane lokaci ya kamata a saki ruwan madatsa? Kowace tambaya a nan ta isa a gina digirin dakta a kanta.

Baƙi sun riga mu gane haka. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana zuwa ƙauyen Dagaceri, har ya fitar da littafinsa kan yadda manoma ke jure fari a 1989. Dausayin Baturiya kuwa ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Ashe ba abin kunya ba ne a ce ɗan gida, wanda ke jin harshen masunci da makiyayi, shi ne na baya?

Hanyoyi kuwa a buɗe suke. Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Ƙasashe ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012, tana horar da ɗalibai har matakin dakta. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin ƙananan malamai, ga kuma guraben Commonwealth na Ingila da DAAD na Jamus. Sharaɗi dai shi ne sakamako mai kyau da tsararren ƙudurin bincike.

Saboda haka muna roƙon hukumomin Jami'ar Sule Lamido da Jami'ar Tarayya ta Dutse su kafa tashar bincike a bakin fadama, gwamnatin Jigawa kuma ta ware kuɗi dominta. Ku kuma 'yan ajin ƙarshe, ku zaɓi aikin kammalawa wanda zai kai ku cikin taɓo, ku auna, ku rubuta. Allah ya sa mu dace, amin.