Darasin zanen injiniya ya zama aikin gayya, amma kowa da kunyarsa

Duk ɗalibin da ya shiga sashen injiniya a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha a Nijeriya, daga Zariya zuwa Kano, daga Kaduna zuwa Maiduguri, sai ya bi ta darasin zane a shekarunsa na farko. Da can allon zane ne da rula da kamfas da fensir mai tsini. Yanzu an ƙara da kwamfuta da manhajoji irin su AutoCAD, wadda ta fito tun 1982, da SolidWorks da ta biyo baya a 1995. Kayan aiki sun sauya, amma tsarin da aka fi sabawa da shi yana nan: a ba ɗalibi hoton wani guntun ƙarfe daga littafi, ya zauna shi kaɗai ya fitar da shi ta gaba da ta sama da ta gefe, malami ya duba tsabtar layi ya ba da maki. Ra'ayina shi ne wannan rabin darasi ne. Sauran rabin ba zai samu ba sai an haɗa ɗalibai rukuni-rukuni, an ɗora musu ƙirƙirar wani abin amfani, kuma an miƙa zanensu ga wanda zai ƙera shi ba tare da sun tsaya a kansa suna yi masa bayani da baki ba.

Dalilin yana cikin asalin zanen kansa. Tun lokacin da Bafaranshe Gaspard Monge ya tsara ƙa'idojin nuna abu mai tsawo da faɗi da kauri a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, a ƙarshen ƙarni na 18, amfanin zanen injiniya shi ne ya isar da saƙo daga mai tunani zuwa mai ƙira. Harshe ne, kuma ba a gane mutum ya iya harshe sai ya yi magana an fahimce shi. Ɗalibin da ya kwafi zane daga littafi ba ya isar da saƙo ga kowa, domin malamin da zai duba ya riga ya san amsar. In ya manta awo guda, malami zai cire masa maki biyu, shi ke nan. A masana'anta kuwa, awon da aka manta shi ne ƙarfen da za a yanka a banza.

A ɗauki injin markaɗe, wanda ba unguwar da babu shi. A ce ɗalibai biyar aka ba aikin zana shi: ɗaya ya ɗauki ƙafafun da injin zai zauna a kai, ɗaya mazurarin da ake zuba hatsi, ɗaya sandar ƙarfen da ke juyawa, ɗaya gidan boris, na ƙarshe fuli da murfin bel. Boris mai lamba 6205, wanda ake samu a kasuwar kayan gyara, ramin cikinsa milimita 25 ne, faɗinsa na waje 52, kaurinsa 15. Mai zana sanda dole ya san wannan, mai zana gida ma haka, kuma dole su biyun su yi magana. In sandar ta fito 24.9, za ta riƙa rawa a cikin boris har ta cinye kanta. In ta fito 25.1, ba za ta shiga ba sai da guduma, gudumar kuma ta kashe boris kafin a tayar da injin. Bambancin bai fi kaurin gashin kai ba sosai. Malami zai iya shafe mako yana bayanin iyakar kuskuren da aka yarda da shi a awo, ɗalibai su rubuta su manta. Amma ranar da suka haɗa sassansu a kwamfuta suka ga ramukan noti na mai ƙafafu ba su yi daidai da na mai gidan boris ba, ba mai sake gaya musu.

Kada a ɗauka wannan matsalar yara ce. Kamfanin Airbus ya gamu da ita wajen ƙera jirgin A380, mai wayoyin lantarki da tsawonsu ya haura kilomita 500. Injiniyoyin Jamus suna aiki da tsohon zubin manhajar CATIA, na Faransa suna aiki da sabo, zubin biyu kuma ba su jituwa yadda ya kamata. Da aka zo shimfiɗa wayoyi a jikin jirgi sai aka tarar wasu sun gaza. Jirgin farko bai isa hannun mai saye ba sai Oktoban 2007, kusan shekara biyu bayan lokacin da aka yi alkawari. Babu wanda zai ce injiniyoyin nan ba su iya zane ba. Kowa ya iya nasa, wajen haɗawa aka yi ɓari. Boeing kuwa, da ya zo ƙera jirgin 777 da ya fara tashi a 1994, jirginsa na farko da aka zana gaba ɗaya a kwamfuta, ya zaunar da masu zane da masu ƙira da wakilan kamfanonin da za su sayi jirgin a rukuni guda tun daga farko. Irin wannan zama ne aikin injiniya na yau, kuma shi ya kamata aji ya kwaikwaya.

Babbar sukar da ake yi wa aikin rukuni gaskiya ce, ba kuma ƙarama ba: cima-zaune. Duk wanda ya yi karatu ya san yadda ake yi, mutum ɗaya ko biyu su kwana suna aiki, sauran su zo ranar miƙawa suna cewa “a sa sunana”. Malaman da suka guji aikin rukuni saboda haka ba su yi wauta ba. Sai dai maganin yana cikin yadda manoma ke gayya: ana shiga gona tare, amma kowa da kunyarsa, wanda ya yi baya kuma kowa na ganinsa. Zanen injiniya ya fi kowane darasi dacewa da wannan, domin kowace takarda tana da akwati a kusurwar ƙasa inda ake rubuta sunan wanda ya zana da wanda ya duba. A ba kowane ɗalibi sashensa da sunansa a kai, a sa abokinsa ya duba ya sa hannu, yadda kuskure zai hau kansu su biyu. Ranar gwaji malami ya buɗe fayil ɗin a gabansa ya ce, “Ƙara wa sandar nan milimita 10, ka nuna mini me kuma zai sauya.” Cikin minti biyar ɗan rakiya ya bayyana. A raba maki biyu, kaso na rukuni da kaso na mutum, kuma kada na rukuni ya isa ya tsallakar da wanda ya faɗi nasa.

Suka ta biyu ita ce rashin kayan aiki: kwamfutoci kaɗan, wuta ba tabbas, lasisin manhaja da tsada, aji kuma maƙil. To ai wannan hujja ce ta goyon bayan rukuni. Inda kwamfuta 40 za ta ɗauki ɗalibai 200, dama can raba ta ake yi. Gara a raba ta da tsari. Akwai FreeCAD da ake saukewa kyauta, kamfanin Autodesk mai AutoCAD ma yana ba ɗalibai da malamai lasisin karatu ba da kuɗi ba. Kuma malamin da zai duba aiki 40 da idon basira ya fi wanda zai bi ta kan takarda 200 iri ɗaya, rabinsu kwafin juna. Masu cewa sai an ƙware a tushe kafin a shiga ƙirƙira ma suna da gaskiya, shi ya sa ba a ce a jefar da fensir ba. Makonnin farko su tafi a zanen hannu da ƙa'idoji, kowa shi kaɗai. Aikin rukuni ya ɗauki rabin zango na biyu.

Abin da ya fi ba da takaici shi ne masu ƙirar suna nan kusa. Kasuwar Panteka da ke Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano cike suke da masu walda da masu sarrafa ƙarfe, waɗanda ke ƙera injin casa da na markaɗe da kurar ruwa, galibi da ido da gwaji, ba da zane ba. Shi ya sa sau da yawa sashen wannan injin ba ya shiga wancan, ko da hannu ɗaya ya yi su. Su suna da hannu ba takarda, ɗalibai suna da takarda ba hannu. In rukuni ya kai wa mai walda zanensa, ya juya takardar ya ce, “Malam, nan ta ina zan sa sandar walda?”, ɗaliban sun samu darasin da manhaja ba ta koyarwa: kwamfuta tana yarda a zana abin da ba ya ƙeruwa. Jiran horon masana'antu na SIWES, wanda hukumar ITF ta kafa a 1973, ya yi nisa, domin yana zuwa ne bayan an gama darasin zane an rufe littafinsa.

Ba a kuma buƙatar sabuwar doka. Majalisar COREN mai kula da aikin injiniya ta zama cikakkiyar mamba a Yarjejeniyar Washington ta amincewa da digirin injiniya tsakanin ƙasashe a 2023, kuma iya aiki cikin rukuni da iya tsara mafita ga matsala suna cikin abin da yarjejeniyar ke nema ga duk wanda ya kammala digiri. Sabon tsarin karatu na hukumar jami'o'i ta NUC da aka ƙaddamar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Saboda haka kira na ga shugabannin sassan injiniya ne, da hukumar NBTE a ɓangaren kwalejoji: a zango mai zuwa, a ware makonni shida na darasin zane, a raba ɗalibai biyar-biyar, a ba kowane rukuni abu ɗaya da ake amfani da shi a garin da makarantar take, kuma kada a ba da makin ƙarshe sai wani wanda ba ya cikin rukunin ya ƙera aƙalla sashe ɗaya daga takardarsu.