Layi Ba Darasi Ba Ne

Duk malamin da ya taɓa duba jadawalin ajinsa ya san akwai darasin motsa jiki a ciki, ya kuma san abin da ake yi da shi. In ba a tura yara shara ko ɗibar ruwa ba, to an bar wa malamin lissafi lokacin ya ƙarasa abin da ya rage masa. Wannan kuka mun daɗe muna yin sa. Sai dai yau ba wasu muka zo tuhuma ba. Kanmu muka zo tuhuma, mu da ke fitar da yara fili, sannan mu kashe musu sha'awa da hannunmu.

Ku dubi yadda muke koyar da jifa a ƙwallon kwando a makarantun da Allah ya hore wa ƙwallo ɗaya da zobe ɗaya. Sai mu jera yara sittin a layi, rana tana dukansu, malam yana tsaye da usur a baki. Na gaba ya jefa, ya kuskure, a yi masa dariya, ya koma baya. Mu yi lissafi, tunda malamai ne mu. Darasin minti 35 ne, fita da jeruwa sun cinye goma. Idan kowace jifa da ɗauko ƙwallo ta ci daƙiƙa 15, jifa ɗari ke nan, wato ko biyu kowane yaro bai samu ba. Sauran lokacin tsayuwa ce, da tsokana, da dambe a ƙarshen layi. Wane malami ne zai yarda a koyar da rubutu da fensir ɗaya, yara sittin suna jiran a miƙo musu? Abin da ba mu lamunta a cikin aji ba, shi muke kira darasi da zarar mun taka fili.

Abin kunyar shi ne, malami irinmu ne ya ƙirƙiro wasan, kuma don maganin gundura ya ƙirƙiro shi. A watan Disamba na 1891, shekara ɗari cif kafin a kafa Jihar Jigawa, James Naismith ya rasa yadda zai yi da ɗalibansa da sanyi ya kulle a ɗaki a garin Springfield na Amurka. Sai ya kafa kwandunan 'ya'yan itace biyu a sama, ya ba su ƙwallo. Da kwandon kasuwa aka fara.

Za a ce mana ba mu da filin siminti, rairayi ne ko'ina daga Garki har Babura. Gaskiya ne, ƙwallo ba ta tashi da kyau a rairayi. Amma jifa ba ruwanta da daɓe. Mai walda zai lanƙwasa rodi ya yi zobe mai faɗin santimita 45, a ɗaure a jikin darbejiya. Tsohon bokiti da aka cire wa gindi ma ya wadatar. Kada kuma a kai shi tsayin manya, mita 3.05; ƙananan yara a mita 2.60 ake sa musu, domin yaron da aka tilasta wa zoben manya wurgi zai koya, ba jifa ba. Ƙwallon tsumma ba ta hana koyon saita gwiwar hannu.

Da zobe huɗu, aji ya rabu gida huɗu, kuma nan ne aikin malami yake farawa. A sa yaro ya tsaya taku ɗaya daga zobe, ya jefa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana tallafe kawai. In ya zura sau uku a jere, ya ja baya taku guda. Wanda bai taɓa ci ba zai ci a ranar farko, kuma duk wanda ya ga fuskar yaro a wannan lokaci ba ya bukatar a yi masa bayani. Bayan haka a zana wurare biyar a ƙasa kewaye da zobe, kowa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, abokinsa yana ɗauko masa ƙwallo, su riƙa musanya. A ƙarshe a haɗa rukuni da rukuni: wa zai riga kai goma? Su riƙa ƙirgawa da ƙarfi. Mun ga yaran da ke noƙewa a darasin lissafi suna gardamar tara da takwas kamar za su ci babu. Gargaɗi ɗaya: a rage wasan da ake fitar da wanda ya kuskure, domin kullum mai rauni ne ke fara zama a inuwa, alhali shi ya fi bukatar ƙwallon.

Sai batun 'yan mata, waɗanda muka saba barinsu a gindin bishiya suna kallo. Iyaye suna da hakkin tambaya game da sutura da cuɗanya, mu ma iyaye ne. Amsar ita ce a ware musu zobensu, malama ta tsaya a kansu. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta amince da wasa da lulluɓin kai tun 2017. Kuma matan Nijeriya, D'Tigress, su ne tawagar Afirka ta farko, maza da mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik, a birnin Faris a 2024. Nan kusa, Kano Pillars ta sha ɗaukar kofin ƙasa a wannan wasa. Ba mu ce kowane yaro zai zama Hakeem Olajuwon ba, amma ba za mu san wanda zai zama ba muddin jifa ɗaya yake samu a mako.

Muna kira ga shugabannin reshe da su ware awa guda a taro mai zuwa, mu fita fili da manyan rigunanmu mu gwada waɗannan hanyoyi da kanmu. Kowace makaranta kuma ta kai wa kwamitin iyaye ƙiyasin kuɗin zobe huɗu kafin zangon karatu ya ƙare.