Ba kowane ɗan bindiga ne ɗan bindiga ba

Mai karatu, ka gwada tare yaro ɗan shekara goma sha biyar a Sandamu ko Karkarku, ka ce masa 'yan bindiga sun iso. Kafin ka rufe baki ya fara neman hanyar gudu. Da kakansa ka gaya wa wannan magana shekaru arba'in da suka wuce, miƙewa zai yi ya gyara zaman hularsa, don ya san Sarki ya kusa fitowa. 'Yan fashin daji sun kwashe shanun jama'a, sun kwashe mutane, sannan suka haɗa da sunan wasu bayin Allah da ba su ji ba su gani ba. 'Yan jarida kuma suka taya su, kullum a rediyo sai ka ji an ce 'yan bindiga sun kai hari.

Waɗanda nake magana a kansu su ne mutanen nan da ke cikin ayarin Mai Martaba Sarkin Daura ranar hawan Sallah da Hawan Magajiya da Sallar Gani, kowa rungume da adakarsa. Wasu na ce mata bindigar toka, wasu harba-ruga. Ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi, a tura tsumma, a daddanna da sandar ƙarfe. Ranar hawa ba a sa mata harsashi, ƙara ce kawai da hayaƙi, sai dawakai su zabura, mata su rangaɗa guɗa. Sunan harba-ruga kuwa ya isa ya gaya maka iyakar ƙarfinta. Harbi ɗaya take yi, in ka kuskure abin da ka auna, sai ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Wannan bindiga ta daɗe a ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka riƙa shigo da bindigogi daga ƙasar Nufe, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron Sarki. Mu kuwa mutanen ƙasar Daura mun fi jin ƙarar ta daga arewa. Bayan jihadi sarautar Daura ta rabu, gidan Haɓe ya koma Zango da Ɓaure, a inuwar Damagaram. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, bai tsaya ga bindigogin da fatake ke kawo masa daga Tarabulus ba, a cikin birninsa ake haɗa albarushi, har igwa ake zubawa. Galibi bayin Sarki ake damƙa wa bindiga a wancan zamani, don manya sun fi yarda da doki da takobi. A 1890 Turawa suka zauna a Birasil ta ƙasar Beljiyam suka yi yarjejeniyar hana sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani, suka bar musu tsohuwar mai ƙanƙara. Da sojojin Ingila suka zo Kano a 1903 da bindiga mai ruwan harsashi, adaka ta gama yayinta a fagen yaƙi. Daga nan ta koma hannun maharba da 'yan hawa.

To, ba mu kaɗai ne zamani ya wuce da tsohuwar bindigarmu ba. A Amurka wani mai suna Samuel Colt ya yi rajistar libarbarsa a 1836, wato ƙaramar bindiga mai tulu da ke juyawa. Irin wadda ya fitar a 1851 rami shida gare ta, kowane rami ta gaba ake zuba masa albarushi da dunƙulen dalma, a ɗora 'yar hular ƙarfe mai ƙyasta wuta ta baya. Adaka ce dai guda shida a kan ƙota ɗaya. Da irinta aka gwabza yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. Da harsashi mai kwanso ya fito, sai aka jingine ta. Amma da aka kusa cika shekara ɗari da yaƙin, sha'awarta ta dawo, har wani Ba'italiye mai suna Aldo Uberti ya buɗe masana'anta a 1959 a Gardone Val Trompia, ba ya ƙera komai sai kwaikwayon waɗannan tsofaffin bindigogi. Kamfanin Pietta ma ya biyo baya. Mutane na saye, su kwance su wanke, su gyara, su je filin da aka keɓe su yi gasar harbin allo. A Amurka akwai ƙungiyar masu bindigar ɗurin baki tun 1933.

Abin da ya fi jan hankalina a lamarinsu shi ne gwaji. A Gardone akwai gidan gwajin bindiga tun 1910, a Bamingam ta Ingila kuwa tun 1813. Kafin bindiga ta shiga kasuwa sai an ɗura mata albarushi fiye da ƙima, an tayar da ita daga nesa. In ta jure, a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. In ta tsage, a nan labarinta ya ƙare, ba ta ci hannun kowa ba.

Tamu fa? Sau da yawa bututun ruwa ne ko sandar sitiyarin tsohuwar mota maƙeri ke samu ya yi bakinta da shi, ya sassaƙa ƙota, ya ƙera kunama. Ba raina aikin nake yi ba, don duk wanda ya zauna a maƙera ya ga yadda ake fitar da kunamar bindiga da guduma da magagari kawai, ya san akwai basira. Matsalar tana bayan an gama hawa. Albarushi na barin baƙar dauɗa a cikin bututu, ita kuma dauɗar tana jan laima, laima ta haifi tsatsa. Maganin abin ba tsada, ruwan zafi ne a ranar da aka yi harbi, a busar, a shafa mai. Amma sai mutum ya dawo daga Daura a gajiye ya soke bindiga a bayan ƙyaure ko cikin rufin ɗaki, damina ta zo ta wuce a kanta. Daga waje tana sheƙi, daga ciki ƙarfe ya zama ɓawon ƙwai. Ranar hawa ta zagayo, ga 'yan kallo, ga makaɗa suna zuga, kowa na so tasa ta fi ta abokinsa ƙara, sai a ninka awo. Wani ma cikin hayaniya ya manta ya ɗura, ya sake ɗurawa a kai. Mafi muni shi ne mai farke harsashin zamani ya juye garinsa a adaka, alhali ƙarfin wannan gari ya fi abin da bututunta zai ɗauka nesa ba kusa ba. Wanda ya daɗe yana zuwa kallon hawa a ƙasar Hausa da wuya a ce bai taɓa ganin mai dungun hannu ko jin labarinsa ba.

A da, kafin Sallah ake kai bindigogi wurin maƙeri ya duba. Yanzu maƙerin tsoro yake ji. Na san wani dattijo a yankinmu wanda ya gaji wannan aiki daga mahaifinsa, da na tambaye shi sai ya ce ya daina karɓa, ya koma fartanya da lauje, don ba zai yarda a zo a tarar da bindiga uku a rumfarsa a ɗauki hotonsa a ce an kama mai ƙera wa ɓarayi makamai ba. 'Ya'yansa ko ɗaya bai koya wa ba. Wa zai ga laifinsa? Sai dai masu bindigar ba su daina harbi ba, sun koma wurin yaran da ke walda a bakin titi, ko su ɗaɗɗaure tsaga da waya da kansu, a yi gyaran gangar Auzinawa.

Abin takaicin shi ne doka ba ta yi wa bindigogi kuɗin goro ba, mu ne muka yi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa su gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, akwai na farauta irin mai baki biyu da ke neman lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, sannan akwai na ɗurin baki, irin adaka, da aka bar lamarinsu a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta kuma buɗe ƙofar a ba mutum takardar izinin ƙera wannan kashi na uku da gyara shi. Sai dai ka zaga maƙerun ƙauyukanmu ka tambaya, ka ji mutum nawa suka taɓa jin labarin takardar.

Bari in tsaya nan in ja kunnen samarin da ke kallon Turawa a YouTube suna harba libarbar Colt, har su fara tunanin kai wa maƙeri hoto. A dokarmu duk wata libarba da ƙaramar bindigar hannu tana cikin kashin farko, ko da ta albarushi ce irin ta kaka da kakanni. Kuma ni ina bayan wannan hani. Abin da ke shiga aljihu ya tashi sau shida ba shi da gurbi a hawan Sallah, kuma ba gadonmu ba ne. Adaka kuwa ta kusa kai tsawon yaro, ba mai ɓoye ta a riga.

Na san abin da wani zai ce. Jihar da aka kwashe ɗalibai sama da ɗari uku a Ƙanƙara a Disambar 2020, masarautar da aka zo har cikin garin Daura a Mayun 2019 aka ɗauke Magajin Gari, a nan ne za ka zo kana roƙa wa maƙeran bindiga izini? Maganar tana da nauyi, kuma ba na musun akwai ɓata-garin maƙera masu yin bindigar da ke cin harsashin zamani su sayar wa ɓarayi. A kama su, a hukunta su. Amma AK-47 da ta addabi Jibiya da Batsari da Faskari ba a maƙerar ƙauye aka yi ta ba. Kuma yadda ake tafiya yanzu, na kirki da ɓata-gari duk a ɓoye suke aiki, ɗan sanda ba shi da hanyar bambance su. Ranar da na kirki ya samu takarda ya kafa a rumfarsa, wanda ba shi da ita ya tona kansa.

Maroko ta isa misali. Mahayansu na jeruwa su yi sukuwa su tayar da bindigogin albarushi a lokaci guda, wasan da suke kira Taburida, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2021. Kalmarmu ta albarushi ma daga Larabcinsu na barudu ta fito. A Disambar 2024 hawan Sallar Kano ya shiga wannan jeri. To, in ana alfahari da hawa, ai ƙarar bindiga na cikinsa, kuma wani ne ke gyara bindigar.

Abin da nake roƙo bai kai kafa rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Katsina ta yi a Oktoban 2023 wahala ba. Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce, Daura da Sandamu da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa. Kowane hakimi ya san masu bindigar da ke bin sa hawa, kowane Sarkin Maƙera ya san wanda ya iya aikin a ƙasarsa. A buɗe littafi ɗaya a ofishin hakimi, kwafinsa a wurin DPO, a rubuta sunan mai bindiga da na maƙerin da ke duba ta, a buga wa kowace lamba a jikin ƙarfe. Albarushin hawa kuma ya fito daga hannu ɗaya, da awo, shugaban 'yan bindiga ya raba da safe ya karɓi ragowa da yamma. Saura mako biyu Sallah ko Gani a fitar da su bayan gari, a ɗaure kowace a jikin kututture, a ja kunama da doguwar igiya daga bayan tudu. Kuɗin albarushin gwajin da ladan maƙera ƙaramar hukuma ta ɗauka, don in aka ce talaka ya biya daga aljihunsa, rabinsu ba za su kawo tasu ba.