Kafin ka cire akwatin iskar tsohuwar motarka

Wani ado ya shigo garejin gyaran motoci, musamman a hannun matasa masu tsofaffin Corolla da Civic da Golf. Ana cire baƙin akwatin roba da kamfani ya sa wa injin don tace iska, a maye gurbinsa da bututun ƙarfe mai ƙyalli da filta mai siffar mazurari, ja ko shuɗiya. Masu sayarwa sukan ce injin zai sha iska mai sanyi, ya ƙara ƙarfi, ya rage cin mai. Ra'ayina shi ne a tsohuwar mota, a ƙasar da ƙura ke rufe sararin sama wata da watanni, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne ko na'urar ta dace da wannan injin da kuma ko tana tare ƙura yadda ya kamata. Ƙara da ƙyalli su zo daga baya. Wanda ya juya wannan jerin, ƙarfen injinsa ne zai biya.

Tushen maganar gaskiya ne, kuma adalci ne a faɗe shi. Injin fetur yana buƙatar kusan awo 14.7 na iska ga kowane awo 1 na mai, bisa nauyi. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi: duk lokacin da zafinta ya ragu da digiri 3, nauyinta yakan ƙaru da kusan kashi 1 cikin 100. Injin da ke shaƙar iska mai digiri 30 yana samun iskar da ta ɗara ta mai digiri 60 da kashi 9 zuwa 10 cikin 100. To amma a buɗe bonet a duba inda akwatin kamfani ke ɗebo iskarsa. A mafi yawan motocin shekarun 1990 zuwa yau, bakin bututun yana gaba, kusa da fitila ko cikin gefen taya, nesa da zafin injin. Ke nan injiniyoyin Toyota da Honda sun riga sun yi wannan lissafi. Abin da ake yawan ɗaurawa a madadinsa gajeren bututu ne da filtarsa ke zaune tsirara a bayan lagireto, tana shan hucin injin. A cunkoson Kano cikin watan Afrilu, lokacin da zafin gari kan kai digiri 40, wannan na'ura iska mai zafi take bai wa injin, akasin abin da aka saye ta dominsa.

Sai batun dacewa, wanda ya wuce faɗin bakin bututu. Motoci masu suna ɗaya sukan zo da injuna daban: Camry ta 2002 zuwa 2006 akwai mai silinda 4, akwai mai 6, kuma hanyar iskarsu ba ɗaya ba ce. Haka kuma motoci sun bambanta a yadda kwamfutarsu ke auna iska. Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana da sansa a cikin bututun, mai siririyar waya da ake ɗumamawa, ana gane yawan iska daga yadda take sanyaya wayar. An tsara lissafin kwamfutar a kan faɗin bututun kamfani. Idan aka dasa sansar a bututun da ya fi faɗi, za ta faɗi iska ƙasa da wadda ta shiga, kwamfuta ta rage mai, injin ya riƙa sarƙewa, fitilar gargaɗi ta kama, na'urar bincike ta nuna lambar P0171. Civic da Accord na shekarun 1990 kuwa matsin iska suke aunawa a bayan totur, don haka sun fi jure sauyin bututu. Mai motar da aka shigo da ita daga Amurka ya karanta harafi na 10 a lambar shasi don sanin ainihin shekarar ƙirarta, ya nemi lambar injin, ya ƙirga ƙananan tiyon da ke haɗe da bututun asali. Duk tiyon da aka bari a buɗe ko aka toshe da leda, ƙofa ce ta ƙura ko ta matsala.

Ƙurar ce babbar hujjata. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura mai laushi daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke Chadi, ta baza ta a kan Maiduguri da Damagaram da Katsina da Sakkwato. Cikin wannan ƙura akwai ɓurɓushin yashi mai tauri, wanda idan ya ratsa filta ya haɗu da baƙin mai yakan zama kamar garin dutsen wasa wuƙa, yana cin ringi da bangon silinda a hankali. Filtar takarda ta kamfani tana da ƙananan ƙofofi da faɗin fuska mai yawa saboda ninkin da aka yi mata. Filtar auduga mai mai, irin wadda kamfanin K&N ya shahara da ita, tana barin iska ta wuce da sauƙi ne saboda ƙofofinta sun fi buɗewa, man da aka shafa mata shi ke kama ƙura. Idan man ya bushe, ƙura ta wuce. Idan ya yi yawa, zai iya ɓata wayar sansa. Wannan ma a kan ta gaskiya ke nan. Jabun da ke yawo a kasuwa ba su da wata shaidar gwaji irin ta ma'aunin ISO 5011 da ake auna filtocin iska da shi. Injin da ya yi tafiyar kilomita dubu ɗari biyu, ringinsa ya riga ya fara cinyewa, ba shi da sauran ƙarfen da zai yi kyauta da shi.

Za a ce ai tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk abin da zai rage cin mai abin so ne. Gaskiya ne, sai dai wannan na'ura ba ta yin hakan a motar injekta. A tuƙin yau da kullum totur ne ke taƙaita iska, kwamfuta kuma tana zuba mai daidai da iskar da ta shiga. Binciken da cibiyar Oak Ridge ta Amurka ta fitar a 2009 ya nuna cewa ko filtar da ta toshe ba ta ƙara wa motocin injekta cin mai yadda za a lura, saurin tashinsu kawai take ragewa. Mota mai kafireto ce abin ya shafa. Idan toshewa ba ta ƙara cin mai ba, buɗewa ba za ta rage shi ba. Hasali ma rurin da bututun ke yi yakan zuga direba ya ƙara taka totur.

Za a kuma ce akwai na kirki, masu dogon bututu da ke sauka bayan bamba su ɗebo iska mai sanyi ta gaske. Akwai su, kuma a kan wasu injuna suna ƙara ɗan ƙarfi idan an take totur har ƙasa. Amma damina na zuwa. Filtar da ke kusa da ƙasa, idan ta nutse a ruwan da ya kwanta a titi, injin zai zuƙi ruwa. Ruwa ba ya matsuwa, don haka fistin ya tsaya cak, sandarsa ta lanƙwashe, injin ya buga nan take. A biranen da magudanai ke toshewa kowane Agusta, wannan haɗari ne na kowace shekara.

Duk da haka ban ce kada kowa ya saya ba. Akwai tsohuwar motar da akwatinta ya fashe, robar bututun ta tsage. Mai irin wannan mota ya fara neman akwatin asali a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, domin sau da yawa shi ne mafi arha kuma mafi dacewa. Idan bai samu ba, ko yana son sauyin duk da haka, ya zaɓi wadda aka ƙera don lambar injinsa da shekararsa, mai mazaunin sansa daidai da na asali, mai rufaffen akwati ko garkuwar da ke raba filta da zafin injin, mai busasshiyar filta da ake samun madadinta, wadda kuma ke zaune sama da tsayin taya. Ya ajiye tsohon akwatin idan yana da sauran amfani. Bayan an ɗaura, a sa na'urar bincike a duba ko kwamfuta na faman ƙara mai, sannan bayan makonni na hunturu a cire bututun a shafa farin ƙyalle a cikinsa. Idan ƙyallen ya fito da ƙura, filtar ba ta aikinta, a cire ta a ranar.

Ga mafi yawan masu mota, wannan abin hawa shi ne jarin gida, kuma sabon injin ya fi ƙarfin aljihu. Bakaniken kirki shi ne wanda zai gaya wa mai mota cewa kuɗin bututun ƙarfe ya fi amfani idan aka sayi filtar takarda mai kyau, aka gyara maɗaurin akwati, aka sauya robar da ta tsage.