Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Jami'ar Garwa



Na rubuto ne a kan gyambon da ya ƙi jin magani. Duk wanda ya yi jinyar mai ciwon suga ko wanda wuta ta ƙona ya san shi: a wanke, a yi allura, a sake wata, ƙafa na ta ɗiga ruwa tana wari, har likita ya fara maganar yankewa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ta fi ko'ina jin jiki.

Wani ɓangare na matsalar hannunmu ne ya jawo. Ana sayen kafso a tire, a fasa, a barbaɗa a miki, ko a sha kwana biyu a ajiye. A kasuwannin shanu irin na Adumri, makiyayi na sayen allurar dabbobi ba tare da ya ga likita ba. Ɗaya ɓangaren dabarar ƙwayoyin ce: suna taruwa su lulluɓe kansu da yauƙi, kamar gansakuka a cikin randa, a kan miki ko robar fitsari. Maganin da zai kashe su a fili sai ya tsaya a bakin yauƙin.

Nan ne fasahar nano ta shigo. Ɓurɓushin azurfa ko na zinki da ya fi silin gashi ƙanƙanta sau ɗaruruwa yana iya ratsa yauƙin ya fasa jikin ƙwayar. Bandejin Acticoat mai azurfar nano ya daɗe a ɗakunan jinyar ƙuna, kuma a 2018 Amurka ta amince da Arikayce, wato maganin amikasin da aka ƙunsa cikin ƙananan ƙwayoyin kitse don ya isa huhu.

Jami'arku an kafa ta ne a 2022, ba ta riga ta kafe a kan wata al'ada ba, shi ya sa nake roƙo tun yanzu. Kada ku bi sahun masu dafa ganyen darbejiya ko zogale da ruwan azurfa, su gwada a faranti kan ƙwayar da aka sayo daga Turai, su buga takarda, shi ke nan. Irin wannan bai taɓa warkar da ƙafar kowa ba. Ku fara da namu ƙwayoyin. Reshen cibiyar gwajin cututtuka ta Centre Pasteur yana nan cikin gari, ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na LANAVET kuma yana Bokle. Ku haɗa hannu da su a tattara ƙwayoyi daga mikin majinyata da hantsar shanu, a adana, a san wane magani ne ya daina aiki a Garwa, Gidar da Marwa. Duk ɓurɓushin da ɗalibi ya haɗa, a kan waɗannan za a gwada shi, kuma a cikin yauƙinsu.

A auna illa kuma. Azurfa na taruwa a jiki har ta rina fata, kuma an ga ƙwayoyin da suka koyi jure mata. Ranar da masu tallar magani a mota suka fara cewa "nano", gara a ce likitocinku sun riga su zuwa rediyo, da Fulatanci da Hausa, sun gaya wa jama'a cewa ruwan azurfa ba na sha ba ne.