Madubin Nsukka da Jinjirin Watan Azumi

Masu karatu sun sani cikin shekarar 2025 an ɗauki azumi ran 1 ga watan Maris, bisa sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Tun da ya ke shekarar wata kwana 354 ce, azumi yana ja da baya kwana 10 ko 11 kowace shekara, har cikin 2030 zai kama a farkon Janairu. Watau shekaru da dama masu zuwa cikin hunturu za a riƙa neman jinjirin wata, lokacin da hazo ke rufe yamma. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan gari a Kuberi ko Maiyama cikin Janairu ya san ita kanta ranar takan ɓace cikin ƙura tana da sauran tafiya, balle siririn wata ɗan kwana ɗaya. Kadan ba a yi shiri ba, gardamar nan ta "an gani" da "ba a gani ba", wadda ta sha raba gari biyu ran salla, ƙaruwa za ta yi.

Ga shi kuwa ƙasar nan tana da ma'aikatar da ba ta da wani aiki sai duban sama. Cikin 1999 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, watau NASRDA, a ƙarƙashinta kuma akwai cibiyar nazarin taurari a Nsukka, cikin Jihar Enugu. Zaɓen Nsukka yana da dalili, gama can marigayi Shehun Malami Samuel Okoye ya dasa wannan ilmi. Shi ne wanda cikin 1965, yana ɗalibi a Kambirij ta Ingila, shi da malaminsa Antony Hewish suka gano wani ɗigo mai fitar da igiyar rediyo cikin gajimaren taurarin da Turawa ke kira Ƙaguwa. Kayan wannan aiki iri biyu ne. Akwai madubin hangen nesa mai tara haske, akwai kuma faifan ƙarfe mai siffar ƙwarya wanda ke kama igiyoyin rediyo daga taurari dare da rana. Cibiyar tana ƙera ƙananan madubai, tana kuma horon samari, kamar yadda aka tara ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma a Nsukka cikin 2015.

Wajen manyan kaya lalle an bar mu baya. Gana ta mai da wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse na sauraron taurari cikin 2017, Afirka ta Kudu kuwa ta buɗe faifai 64 cikin 2018. Wannan sha'anin masu baitulmali ne. Abin da mu ke bukata a nan bai kai haka tsada ba.

Masanan Nsukka suna iya faɗin sa'a da mintin da wata zai haɗu da rana, da tsayinsa bisa doron ƙasa idan rana ta faɗi a Jega, da gefen da za a duba. An jarraba an tabbata, jinjirin da bai kai wajen sa'a 15 da haihuwa ba ido ba ya kama shi, haka kuma wanda ratarsa da rana ta kasa daraja 7. Idan ma wata ya riga rana faɗuwa, to, wanda ya ce ya gan shi wani abu ya gani, ko Zara ce ko kuwa farin layin jirgin sama, ko da shi mai gaskiya ne. Madubi ba ya huda hazo mai kauri, kada a ruɗe mu. Amma cikin hazo mai shara-shara, mutumin da ya san inda zai saita shi yakan ga abin da mutum ɗari suka kasa gani. Hukunci dai yana hannun Sarkin Musulmi da kwamitinsa na ganin wata. Abin da zai sauƙaƙa musu shi ne shaidu masu horo a garuruwa da yawa.

Mun san akwai dattawan da in sun ji an ce ilmin taurari sai su ce duba ne. Muna ganin girmansu, amma muna tuna musu malamanmu na da su suka koya wa manoma taurari 28, kowane kwana 13 in ban da Jabaha mai 14, da su a ke lissafin shuka da ɗaukewar ruwa. Lissafin Nsukka ɗan'uwan wannan ne, ba ruwansa da arzikin wani ko aurensa. Kusufin ranar da aka yi ran 29 ga Maris 2006, wanda ya duhunta Gusau da Katsina da hantsi, an faɗi lokacinsa tun da sauran shekaru, bai kuwa saɓa ba.

Abin takaici, malamin firamare yakan zana kusufi a allo da alli, alhali shi da kansa bai taɓa sa ido cikin madubi ya ga ramukan wata ba. Don haka muna roƙon Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kebbi ta nemi Nsukka su haɗa hannu. A ajiye madubi mai faɗin inci 6 ko 8 a jami'ar kimiyya ta Aliero, wadda aka kafa cikin 2006, a ajiye wani a kwalejin horon malamai ta Argungu, kuɗin kowane bai kai na tsohuwar mota ba. Sa'an nan a aika malamai biyu-biyu su koyo saita shi da lissafin wata, su komo su riƙa fita da ɗalibai da wakilan hakimai kowane ran 29 ga wata, suna rubuta abin da suka gani da abin da ba su gani ba.

Ran 2 ga Agusta 2027 za a yi wani kusufin rana, cikakke a Masar, mu kuwa sashensa za mu gani in hadari ya bari. Ya kamata kafin ranar madubin ya iso Aliero tare da matatar haskensa, gama duban rana da madubi ba matata makanta ya ke kawowa nan take.